Kifayen Kakana da Miyar Sadakar Uku

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma kowa zai koma. Kakana, mahaifin babana, ya koma ranar Talata da hantsi, yana zaune a kan tabarmarsa a zaure, rediyo na ta surutu a gefensa. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar kuwa na ji maganganun da za su ishe ni haushi har in yi furfura.

Ina zaune kusa da Hajiya, matarsa, kakata, a ɗakinta. Mata na shigowa ana gaisawa.

"Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam. Mutum ne mai kirki, ba ruwansa da kowa. Sai dai..."

Kowa da irin nasa "sai dai". Wata ta ce sai dai boko ya ɗan taɓa masa kai. Wata ta matso kusa da ƙawarta, ta rage murya, irin rage muryar da ake ji har bakin rijiyar Kusugu, ta ce, "An ce wai ya taɓa cewa kakanmu kifi ne."

"Ba kifi ba, biri."

"Ni dai kwaɗo aka ce mini."

Da an ƙara musu lokaci kaɗan, da sun kai mu ga ƙadangare. Tagar ɗakin tana kallon rumfar maza, can ma zancen ke nan. Na ji wani dattijo yana cewa, "Allah dai ya yafe masa abin da ke cikin gwangwanin nan." Mutumin da kakana ya koya wa 'ya'yansa karatu kyauta a zaurenmu ne fa yake wannan addu'ar.

Mutum ɗaya ne ya zo ba da "sai dai" ba. Wani ma'aikacin asibiti ne, tsohon ɗalibinsa, ya taso daga Katsina a kan babur, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Hajiya, ya buɗe baki zai yi gaisuwa, kuka ya ƙwace masa. Ya tashi ya tafi bai ce komai ba. Ita ce ta'aziyyar da ta fi kowacce kyau a ranar.

Shi ya sa nake rubuta wannan. Idan na yi shiru, nan da ɗan lokaci abin da zai rage na kakana a Daura shi ne "tsohon nan mai gwangwani". Gwangwanin kuwa nawa ne, shi da kansa ya ba ni. Tun yammacin ranar na je wurin Baffa, yayan babana, wanda yanzu shi ne babba a gida, na ce ya buɗe mini ɗakin kakana in ɗauki abina. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ana makoki kina zancen kifi? Ki bari a yi sadakar uku." Na bari. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kakana malamin kimiyyar halittu ne a sakandare, har ya yi ritaya. Yana matashi gwamnati ta tura shi karatu Maroko. A can ya fara ganin teku, kuma a cewarsa ya tsaya baki buɗe har sai da wani Balarabe ya tambaye shi ko ba shi da lafiya. Amma ba girman tekun ne ya biyo shi gida ba. Wani ɗan kifi ne da bai fi tsawon yatsa ba, wanda yake zama a kwarmin duwatsun bakin teku. Ba shi da ɓawo, santsi gare shi kamar tarwaɗa. Kansa dunƙulalle, idanunsa a can sama, kuma bisa kowane ido akwai wani ɗan tsiro kamar gira. Bai cika yawo a ruwa kamar sauran kifaye ba. Sai ya dafa dutse da fikafikansa na gaba ya zauna yana kallon masu wucewa, sak tsohon da ya kishingiɗa a ƙofar gida. Turawa na ce masa bileni. Kakana ya raɗa masa mai-gira.

Ya kamo ɗaya a bakin teku. Daga baya suka hau tsaunuka da malaminsu, can nesa da ruwan gishiri, sai ga wani mai-giran a cikin rafi, ruwan daɗi irin wanda ake sha. Ya kamo shi shi ma. Ya dawo Daura da su a cikin kwalabe biyu. Abokan karatunsa sun dawo da agogo da darduma, Hajiya ta ce ita an kawo mata matattun kifaye biyu da ko kyanwa ba za su ƙosar ba.

Tambayar da ta zauna masa a rai tun daga lokacin ita ce wannan. Dangin mai-gira kusan dukkansu a teku suke, iri-iri, ba su ƙirguwa. 'Yan kaɗan ne a rafuka da tafkuna. Ke nan na rafi daga teku suka fito. To, ta yaya? Kaka ɗaya ne ya yi ƙarfin hali ya shiga ruwan daɗi, zuriyarsa ta bazu rafi-rafi? Ko kuwa kowane rafi da nasa baƙon da ya shigo daban? Sannan wannan na tekun da yake riƙe da shi, shaƙiƙin na rafin ne, ko taubashinsa, ko kuwa dangi ne na can nesa da suka yi kama kawai?

Na taɓa ce masa, "Kai ma dai, angona, da neman magana. Ruwa ai ruwa ne. Ya ga rafi ya shiga, shi ke nan." Angona nake ce masa, shi kuma amarya, irin wasan jika da kaka.

Ya ce, "To, wa ya duba?"

Wannan ita ce kalmarsa. Ka ce masa za a yi ruwa gobe, wa ya duba? Ka ce maƙwabci maye ne, wa ya duba? Hajiya ta ce miya ta ji gishiri, wa ya duba? Na tabbata da za a ce masa rana ta fito sai ya leƙa tukuna.

Ranar ya sa na yanko dankali gida biyu. Ɗaya muka sa a ruwan randa, ɗaya a ruwan da ya zuba wa gishiri. Bayan mun ci abincin rana ya ce in taɓa. Na ruwan randa ya kumbura ya yi tauri, na gishirin ya yi laushi ya yamutse kamar kunnen tsohuwa. Ya ce, "Kin gani? Jiki ya san bambancin ruwa da ruwa. Kifin teku in kin jefa shi rafi yau, ruwa zai cika shi ya mutu. Kafin jikinsu ya iya zama a can sai da aka yi zuriya bayan zuriya, tun babu wanda ya san za a yi wani gari wai shi Daura." Na ce to dankalin fa, a soya? Ya bi ni da sanda har tsakar gida yana dariya.

Abin da ya faɗa ke nan. Kifi da kifi. Ban taɓa jin ya sa ɗan Adam a ciki ba. Mutum ne da ba ya rasa sahun farko, kuma in ya gama bayanin kifayensa yakan ce, "Wanda ya yi teku shi ya yi rafi. Ni sawun aikinsa kawai nake bi." Amma ku gwada kai wannan magana majalisar ƙofar gida ku ga abin da zai dawo muku. Wata rana wani abokinsa ya ce masa, "Malam, ka daina wannan zance. Kowa inda aka halicce shi nan yake." Kakana ya gyara hula ya ce, "Ikon Allah. Ku da kullum kuke bugun ƙirji cewa kakanku baƙo ne, daga gabas ya zo ya tsaya a bakin Kusugu yana neman ruwa. Mutum ya bar garinsu ya zama ɗan Daura kun yarda, kifi ya bar teku ne ya gagare ku?" Aka yi ta dariya. Washegari labari ya zaga gari cewa Malam ya ce Daurawa kifaye ne.

Akwai shekarar da damina ta yi gardama a arewa da mu, wasu mutane suka tsallako iyaka ta Kwangwalam, miji da mata da yara, ba su san kowa ba. Unguwa ta yi ta zancen baƙi, a yi hattara da baƙi. Kakana ya kwashe littattafansa daga ɗakin soro ya ba su. Suka zauna har suka samu nasu wurin. Da aka ce masa bai san halinsu ba, ya ce, "Ku kun duba?" Matar ce ta wanke tukwanen gidanmu duka ranar rasuwarsa, ba wanda ya sa ta.

Yanzu bari in zo kan Baffa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ina ƙarama, ban ma shiga firamare ba, amma wannan ranar tana idona. Kifayen suna cikin kwalabensu, a jiƙe cikin sifirit, irin wanda ake goge wurin allura da shi a asibiti. Shi ne ya hana su ruɓewa tun kafin a haifi babana. Baffa, wanda dillalin shanu ne a kara, ya shigo a guje kamar an biyo shi, ya ce a kasuwa ana cewa gidanmu ana ajiye giya.

Kakana ya ce, "Giya? Kai, sha ka gani in za ka kai ƙofa."

"Baba, ba zancen wasa ba ne. Zamani ya canja."

"Na tambayi liman. Ya ce abin da ba sha ake yi ba, na aikin ilimi ne, babu laifi."

"Liman ba ya zama a kara. Ni nake jin abin da ake faɗa."

"To, wa ya duba?"

Baffa ya nufi inda suke. Ya sunkuci kwalaben ya fita, ya tuttule su a kwata. Ina so a fahimce ni da kyau: babu alƙalin da ya aiko, babu wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ba Shari'a ce ta zubar da kwalaben kakana ba, tsoron bakin mutane ne. Baffana mutum ne da zai iya riƙe bijimi ta ƙaho, amma in ya ji "an ce" sai ya ruɗe.

Kakana ya durƙusa a bakin kwata da farar rigarsa, ya sa hannu ya tsamo su. Bai ɗaga murya ba. Ya wanke su, ya barbaɗe su da gishiri, ya shanya a kan katanga ya kife da rariya saboda shaho. Da suka bushe ya ɗaura wa na teku shuɗin zare, na rafi farin zare, ya binne su cikin gishiri a gwangwanin madara. Girar nan da yake so ta karye, launinsu ya tafi. Ya daɗe ba ya cin abinci tare da Baffa. Mutane kuwa da suka ji an koma gwangwani, sai giya ta tashi daga zance, tsafi ya maye gurbinta.

Daminar da ta wuce, idonsa ya riga ya yi rauni, ya kira ni ɗakinsa. Ya ɗora mini gwangwanin a cinya ya ce, "Amarya, ga lefenki."

Na ce, "Kowa ana kai masa akwati, ni gwangwani? Na fasa auren."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce ya ji yanzu akwai na'ura a jami'o'i da take karanta gadon da ke cikin naman halitta, ta faɗi wa ya fi kusa da wa. A zamaninsa haƙora da ƙayoyi kawai suke ƙirgawa, ido kuma yana ruɗi. Ya ce, "Ba ta buƙatar kifi guda. Ko ɗan ɓarin wutsiya ya isa. Ke ce kike da taurin kai a gidan nan. In kin shiga jami'a ki kai su. Ki bar shi a nan ɗakina tukuna, ke kin cika yar da kaya."

Na ce, "In na samo amsar kana ina?"

Ya ce, "Ki faɗa wa wani yaron."

Ranar sadakar uku aka tashi da aiki. Gwaggo, ƙanwar babana, ta zo daga ƙauyensu ta karɓe madafa, tana tuƙa tuwo tana ba da umarni kamar mai jan runduna. Abin da ban sani ba shi ne tun da sassafe Baffa ya buɗe ɗakin kakana don a shimfiɗa wa baƙi, ya sa yara su fitar da abin da ya kira tarkace. Gwangwanin da hannunsa ya ɗauka. Ya kai shi bayan madafa ya ajiye, wai kada baƙi su gani su yi wani zato.

Aka yi addu'a, aka fito da tuwo da miyar kuka. Aka ci, aka siɗe kwano. Ina jin maza ta taga suna cewa miyar nan ta yi, wa ya yi ta, Allah ya kai ladan kabarin Malam. Dattijon nan mai roƙa masa gafarar gwangwani har ƙari ya nema.

Da baƙi suka ragu na tafi karɓar abina. Ɗakin wayam. Na bi gida lungu-lungu. A gefen murhu na gan shi, a buɗe, a kwance. Cikin toka ga shuɗin zare, ga fari.

"Gwaggo! Me ya sami abin da ke cikin nan?"

Ba ta ko juyo ba. "Au, wannan? Gishiri ne ya yanke mini, yaron da na aika ya tsaya wasa. Na duba sai ga gishiri, har da 'yan kifi biyu a ciki. Na ce kai, miya ta haɗa kanta. Na jefa a turmi da daddawa."

"Kin daka su?"

"To da me zan yi da su, in goya? Ke 'yar nan, lafiya kike zare mini ido?"

Na sha jin ana cewa mutum ya ga wuta-wuta, ranar na san gaskiya ne. Ihun da na yi, ina jin har Kwangwalam an ɗauka jiniya ce. Na ce mata kifayen nan sun girmi babana. Na ce sun tsallake teku da hamada, sun tsira daga kwata, sun tsira daga shaho, sai ga shi sun ƙare a turminta. Gwaggo ta saki muciya, ta dafe ƙirji. "Na Malam ne? Waɗanda ake faɗa? Wayyo ni, na ciyar da jama'a tsafi!" Ta fara kakarin amai. Ko a lokacin ba kakana take wa kuka ba, cikinta take ji.

Ban tsaya ba. Na nufi zaure ba mayafi, abin da ban taɓa yi ba. Baffa na zaune da sauran dattawa, yana sakace.

Na ce, "Baffa, miya ta yi daɗi?"

"Ke! Wane irin rashin kunya ne wannan? Koma ciki."

"Na teku da na rafi duka suna cikinka. Abin da Malam ya kwashe rayuwarsa yana son sani, kai ka haɗiye shi da tuwo. Ku ma duka kun ci. Wanda ya ce kakansa kifi ne, to yau ya ci kakansa."

Dattijon nan mai ƙari ya dubi tafin hannunsa. Baffa ya miƙe, na ga marin yana tahowa, na ma riga na zaɓi kuncin da zan ba shi.

"Kada ka taɓa ta."

Hajiya ce, daga bayan labulen ƙofar cikin gida. Tun rasuwar ba wanda ya ji muryarta sama da amin. Ga ta cikin takaba, ba ta fito ba, amma ko ɓeran zauren ya ji ta.

Ta ce, "Sau biyu ke nan. Na farko yana raye, ya tsamo su da hannunsa, bai ce maka komai ba don kai ɗansa ne. Yau ba ya nan. Mutanen da kake tsoron bakinsu ga su nan, sun ci sun ƙoshi. Me suka ƙara maka?"

Baffa ya tsaya da hannu a sama kamar mai tsayar da mota. Sannan ya sauke. Ya zauna. Ya ce, "Hajiya, ni gudun magana nake." Ta ce, "Ai ga ta nan ka samu." Har yau bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Babana ya ce in je in durƙusa. Zan je saboda rashin mayafin da ɗaga murya gaban manya. Maganar kuwa ban janye ba.

Hajiya ta kira ni ɗakinta, ta ce in kawo gwangwanin. Ta kife shi a tafinta ta bubbuga gindinsa, irin yadda take yi wa gwangwanin tumatir don kada a bar komai. Gishiri ya zubo, da tsatsa. Ta ƙara bugawa. Sai ga wani ɗan abu ya faɗo, siriri, bai kai farcen jariri ba. Ɓarin wutsiya ne, ya maƙale a haɗin gwangwanin.

Ta kai shi kusa da idonta. "Na teku ne ko na rafi?"

Na ce, "Ban sani ba, Hajiya. Zaren ya rabu da shi."

Ta ƙulle shi a ƙyalle, ta damƙa mini, ta rufe hannuna da nata. Ta ce, "Ni ban taɓa gane abin da yake nema a jikinsu ba. Amma na zauna da shi na ga bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. To, wa zai duba?"

A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun ranar Talata.

Ƙullin yana wuyana yanzu, a cikin 'yar jakar fata. Na san abin da unguwa za ta ce, laya ce, ta gaji tsafin kakanta. Su faɗa. Ɓari ɗaya ba zai amsa tambayarsa ba, na sani. Na'ura za ta gaya mini wanne ne ya tsira, ɗayan kuma sai na je da ƙafata na kamo shi, ni da ruwan da na taɓa gani mafi girma shi ne kududdufin bayan makarantarmu.

Allah ya jiƙan kakana, ya yalwata masa kabarinsa, ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Wanda zai ce amin ya ce, amma ya bar "sai dai" ɗinsa a gida.

Angona, lefe ya ragu, amma na karɓa. Ni zan duba.